Babi na Bakwai: Tarut da Mazari a Ma'aunin Masana Halitta

A duk faɗin ƙasar da ta tashi daga Babura ta bi ta Kazaure har zuwa Roni da Gwiwa, babu itace ko ɗaya na asalin wurin da ke cikin rukunin da masana tsirrai ke kira konifa, wato itatuwan da ba sa yin fure kuma ba sa yin 'ya'ya masu nama, sai dai su ajiye ƙwayar irinsu a tsirara tsakanin ɓawon wani dunƙule mai tauri. Kuka da gawo da tsamiya da ɗorawa da kanya da aduwa da goruba duk masu fure ne, haka nan darbejiya da turare da ma'aikatan gandun daji suka jera a matsayin shingen tare iska a arewacin tsohuwar Jihar Kano. Ko kasuwarina, itacen nan mai siraran rassa kamar allura da ake gani a harabar wasu makarantu da ofisoshi, kamanni kawai ta ɗauko, domin ita ma mai fure ce. Konifar da Nijeriya ta gada tun asali ita ce Podocarpus, wadda ke tsirowa a dazuzzukan tsaunukan Mambila da Obudu inda ake sanyi da hazo, sai kuma itacen fayin na jinsin Pinus caribaea da aka kawo daga nahiyar Amurka aka dasa a Afaka kusa da Kaduna da kuma tudun Jos domin katako.

Idan kuwa aka juya arewa, aka tsallaka iyaka ta Magarya zuwa Damagaram, aka wuce Agadas da duwatsun Abzin, sai an yi tafiyar kimanin kilomita 1,300 kafin a isa tudun Tasili da ke kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da garin Janet, inda wata konifa ke tsaye a tsakiyar Sahara. Abzinawan yankin suna kiranta tarut, masana kuma suna kiranta Cupressus dupreziana. Wurin ba baƙo ba ne ga tarihin ƙasar Hausa, domin yana dab da Gat, inda a da ayarin fatake ke yada zango a kan hanyarsu daga Tarabulus da Gadamas zuwa Kano, kuma ta wannan zango ne Heinrich Barth ya bi a 1850 kafin ya iso Kano a farkon 1851. Wannan itace shi za a ɗora a gefe ɗaya na sikeli. A ɗaya gefen kuma akwai ƙwaron da kowane yaro a Babura ya sani, wato mazari, musamman ruwan ɗorawar nan da ke cika sararin sama a kan gonakin gero da bakin kududdufai da damina, wanda sunansa a wurin masana Pantala flavescens. Dalilin haɗa su shi ne cewa matsala ɗaya suke fuskanta, wato rayuwa a ƙasar da ruwa ba shi da tabbas, amma hanyoyin da suka bi sun saɓa ƙwarai, kuma sakamakon ya fito fili a rubuce-rubucen masu ƙididdigar halittu.

Yadda ake rarraba su

Tsarin da ake bi wajen rarraba halittu ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, wanda littafinsa na tsirrai na 1753 da bugu na goma na wani littafinsa da ya fito a 1758 suka zama mafarin sunayen tsirrai da na dabbobi da ake amfani da su har yau. Tsarin yana da matakai bakwai da ke shiga cikin juna, daga mafi faɗi zuwa mafi ƙunci, kuma a wannan littafi ana kiransu daula, reshe, aji, sahu, dangi, gida da jinsi. Ya yi kama da yadda ake gano mutumin Babura ta masarautar Ringim, sannan gundumar hakiminsa, da garin dagacinsa, da unguwarsa, har a kai ga ƙofar gidan da ya fito. Sunan kimiyya na kowace halitta kalmomi biyu ne na Latin, ta farko sunan gida, ta biyu sunan jinsi, shi ya sa masanin Aljeriya da na Zariya da na Indiya za su iya magana a kan abu ɗaya ba tare da ruɗani ba.

Tarut yana cikin daular tsirrai, reshen Pinophyta wanda ya tattara dukkan konifa, ajin Pinopsida, dangin Cupressaceae, gidan Cupressus. A matakin sahu masana sun rabu, wasu suna sa shi a Pinales, wasu kuma sun ware wa danginsa sahun Cupressales. Wani hafsan sojan Faransa mai suna Duprez da ke riƙe da sansanin Janet ne ya kai labarinsa ga masana a 1924, sannan Aimée Camus, masaniyar tsirrai a Faris, ta raɗa masa suna a 1926, ko da yake Abzinawa sun daɗe da sanin kowane tushe da wurin da yake, har wasu manyan sun ba su sunaye. Mazari kuwa yana cikin daular dabbobi, reshen Arthropoda na masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi, ajin ƙwari masu ƙafa shida, sahun Odonata, dangin Libellulidae, gidan Pantala wanda jinsi biyu kacal ke cikinsa. Johan Christian Fabricius, ɗan ƙasar Denmak kuma almajirin Linnaeus, shi ya fara bayyana shi a 1798. Sahun Odonata ya kasu kashi biyu manya da ido ke iya bambantawa a bakin ruwa: akwai masu kauri da ke barin fikafikansu a buɗe idan sun sauka, su ne Anisoptera, inda Pantala yake, akwai kuma sirara masu raunin tashi da ke naɗe fikafikai a bayansu, su ne Zygoptera.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan shi ne matakan ba su da nauyi ɗaya a kowane ɓangare. Konifa reshe ne sukutum, mataki na biyu daga sama, amma jinsunan da ke cikinsa a duk duniya ba su wuce ɗari shida da 'yan kai ba. Odonata kuwa sahu ne kawai a cikin aji ɗaya, amma ya ƙunshi jinsuna fiye da 6,000, kuma dangin Libellulidae shi kaɗai ya haura jinsi dubu, wato ya fi dukkan konifar duniya yawa. Saboda haka idan jinsin konifa ɗaya ya ɓace, giɓin da ya bari a tarihin halitta ya fi faɗi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa masana ke kaffa-kaffa da su. Ta fuskar daɗewa kuwa kusan sa'o'in juna ne, domin burbushin da ke cikin duwatsu ya nuna cewa konifa ta farko da kakannin mazari sun bayyana kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dangin mazari mai suna Meganeura ke da faɗin fikafikai da ya kusa santimita 70. Tsirrai masu fure sun zo daga baya da nisa, ke nan zuriyar kukar da ake ganin ta fi komai tsufa a bakin gari ƙanwa ce a gaban zuriyar ƙwaron da ke shawagi a kanta.

Itacen da ruwa ya tafi ya bari

Tarut itace ne mai kauri da ke iya kai tsayin mita 20, ganyensa ƙananan ɓawo ne masu launin toka-toka da ke manne da reshe, kowanne bai kai milimita biyu ba, abin da ke rage asarar ruwa ta ganye. Dunƙulen irinsa bai wuce girman ƙwallon goruba ƙarami ba a ido, tsawonsa wajen santimita biyu, katakonsa kuma yana da ƙamshi kuma ba ya saurin ruɓewa, shi ya sa a da aka riƙa sare shi domin ƙofofi da azara a garuruwan yankin. Yana tsirowa ne a cikin kwazazzabai da busassun ƙoramu na tudun, a wani siririn yanki mai tsawon kimanin kilomita 120, inda ruwan sama na shekara guda bai wuce milimita 30 ba. Domin a fahimci ƙanƙantar wannan adadi, ƙasar Babura da ake kuka da ƙarancin ruwanta tana samun ninkinsa wajen ashirin a daminar da ta yi daidai. Awon da aka yi wa wasu daga cikin manyan itatuwan ya nuna sun haura shekara 2,000.

Kasancewarsa a can shaida ce ta wani zamani da ya shuɗe. Tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara tana da ciyawa da tafkuna, Tafkin Cadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa, kuma zane-zanen da ke jikin duwatsun Tasili, waɗanda suka sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, suna nuna garken shanu da raƙuman dawa da giwaye da dorina. A wannan zamani ne aka sassaƙa kwalekwalen nan na Dufuna da aka gano a 1987 a yankin da ke Jihar Yobe a yau, wanda aka ƙiyasta shekarunsa da kusan 8,000. Da damina ta ja da baya zuwa kudu, dabbobi da mutane suka bi ta, itace kuwa ba shi da ƙafa. Tsofaffin da saiwarsu ta riga ta kai ga danshin ƙarƙashin ƙasa suka tsira, amma irin da ya faɗi ƙasa yana buƙatar shekaru masu ruwa a jere kafin saiwarsa ta yi zurfi, kuma irin waɗannan shekaru sun yi wuya. Wanda ya samu ya tsiro kuma sai ya haɗu da akuya da raƙumi, ko da gatarin mai neman makamashi.

Ƙidayar da Fatiha Abdoun da Mohamed Beddiaf suka kammala a 2001, bayan sun bi tudun kwazazzabo bayan kwazazzabo, ta samu itatuwa masu rai 233, kuma ƙananan da ke cikinsu 'yan ƙalilan ne. A wannan shekarar ce kuma wasu masana a Faransa suka bayyana wani abin mamaki game da haihuwarsa: ƙurar namijin tarut tana ɗauke da cikakken gadon halitta, ba rabi ba kamar yadda aka saba, saboda haka ɗan da ke cikin ƙwayar iri kwafin uba ne shi kaɗai, uwar da ta ɗauke shi ciyarwa kawai take yi. Yawancin ƙwayoyin ma babu komai a cikinsu. Akwai kuma taƙaddamar da ke nuna cewa rarrabawa ba wasan suna ba ce, domin wasu masana suna ɗaukar wata konifa ta tsaunukan Atlas a Maroko a matsayin wani nau'i na jinsin tarut, wasu kuma suna ganin jinsi ce mai zaman kanta mai suna Cupressus atlantica. Idan an haɗa su lissafin yawansu ya ƙaru, idan an raba su kowanne ya tsaya da nasa ƙarancin, kuma a kan wannan lissafi ake yanke hukuncin matsayi.

Ƙwaron da ke bin hadari

Rabin rayuwar mazari a cikin ruwa take, kuma a ƙasar Babura da Kazaure ruwan da ya fi samuwa da damina shi ne na kududdufi, wato ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini da ta tubali, wanda ke cika idan ruwa ya zauna a watan Yuli, ya yi gansakuka da bado, ya cika da talibambam da tsutsar sauro, sannan ya ƙafe bayan kaka. Macen Pantala tana zuba ƙwai ne tana tashi, tana dangwala ƙarshen cikinta a saman ruwa, wani lokaci namijin yana riƙe da ita ta bayan kai. Abin da ke fitowa daga ƙwan ba ya kama da uwarsa ko kaɗan: wata halitta ce mai launin laka, marar fikafikai, wadda ke numfashi ta cikin dubura, kuma idan ta tsorata sai ta feso ruwan da ƙarfi ta yi gaba kamar an harba ta. Leɓenta na ƙasa dogo ne mai gaɓa, a naɗe a ƙarƙashin fuska, tana cilla shi cikin ƙiftawar ido ta cafko tsutsar sauro ko ƙaramin talibambam. A yawancin jinsunan mazari na ƙasashen sanyi wannan mataki yana ɗaukar shekara ɗaya ko fiye, amma a Pantala yana iya kammaluwa cikin mako biyar zuwa shida idan ruwan yana da ɗumi. Wannan gaggawa ita ce ta ba shi damar amfani da ruwan da bai daɗewa, wanda galibi babu kifin da zai cinye 'ya'yansa a ciki.

Babban kuwa, mai tsawon kimanin santimita biyar da nauyin da bai kai rabin giram ba, yana da fikafikan baya masu faɗin gindi da ke ba shi damar lilo a kan iska ba tare da yawan kaɗa su ba. Yana bin layin da iskar teku mai danshi daga kudu maso yamma ke haɗuwa da busasshiyar iskar hamada, layin da ke haurowa arewa da bazara yana jawo hadari, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta lokacin marka, sannan ya koma kudu ya bar wa hunturu fili. Duk inda wannan layi ya zubar da ruwa, mazari yana biye, ya yi ƙwai ya wuce, 'ya'yan da suka fito kuma su ci gaba da tafiyar. A 2009 Charles Anderson, masanin da ke aiki a tsibiran Maldibs, ya kawo hujjojin da ke nuna cewa wannan jinsi yana ƙetare Tekun Indiya daga Indiya zuwa gabashin Afirka, a wani zagaye na kilomita 14,000 zuwa 18,000 da zuriya kusan huɗu ke kammalawa a shekara. Binciken gadon halitta da aka buga a 2016 ya samu cewa waɗanda aka kama a nahiyoyi daban-daban kusan jini ɗaya ne, alamar cewa suna cuɗanya a faɗin duniya.

Ba shi kaɗai ne a bakin ruwan yankin ba. Akwai jajayen nan na jinsin Crocothemis erythraea da ke zama a kan tsinin ciyawa suna gadin wurinsu, da ƙananan baƙaƙe masu ratsi a fikafikai na gidan Brachythemis da ke bin sawun mutum ko na shanu a bakin madatsar ruwa ta Kazaure da makamantanta suna kama ƙwarin da ƙafa ta tayar, da kuma babban Anax ephippiger wanda ke haihuwa a tafkunan Sahel kuma iska kan kai shi Turai har tsibirin Aisland.

Jan Kundi da abin da yake aunawa

Ƙungiyar IUCN, wadda aka kafa a 1948 kuma hedkwatarta ke garin Gland na ƙasar Suwizalan, ita ce ke riƙe da Jan Kundi tun 1964, wato jerin halittun duniya da matsayin kowannensu ta fuskar haɗarin ƙarewa. Matsayin guda tara ne: wanda ya ƙare ƙaƙaf, wanda ya ƙare a daji sai a hannun mutane, wanda ke bakin ƙarewa, wanda ke cikin haɗari, mai rauni, wanda ya kusa shiga haɗari, mafi ƙarancin damuwa, wanda bayanansa ba su isa a yanke hukunci ba, da wanda ba a tantance ba tukuna. Na uku da na huɗu da na biyar su ake nufi idan an ce jinsi yana fuskantar barazana. Ƙa'idojin da ake bi tun 2001 na lissafi ne: ana duba yawan manyan da suka isa haihuwa, da faɗin ƙasar da jinsin ke zaune, da saurin raguwarsa cikin shekara goma ko zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Jinsin da manyansa ba su kai 250 ba ya shiga matsayin cikin haɗari ko da ba a ga yana raguwa ba, wanda bai kai 50 ba kuma yana bakin ƙarewa.

Da wannan ma'auni tarut yana matsayin cikin haɗari, mazarin Pantala kuwa yana mafi ƙarancin damuwa. A matakin rukuni ma tazarar tana nan, domin tantancewar 2013 ta samu kashi 34 cikin ɗari na jinsunan konifa suna fuskantar barazana, yayin da ta watan Disamba 2021, wadda ta shafi jinsunan Odonata 6,016, ta samu kashi 16 cikin ɗari. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa zama ƙwaro shi ne kariya. A tsaunin Obudu akwai wani siririn mazari mai suna Neurolestes nigeriensis, wanda Robert Gambles, likitan dabbobi da ya yi aiki a Vom, ya bayyana a 1970, yana rayuwa ne a ƙoramun cikin daji kaɗai, kuma an sanya shi a matsayin bakin ƙarewa. A zuriya ɗan uwan Pantala ne, amma a halin rayuwa ɗan uwan tarut ne, domin shi ma a ɗaure yake da wuri ɗaya da ke ƙanƙancewa. Abin da ke raba mai tsira da mai halaka, ke nan, shi ne ko halitta tana iya bin ruwa idan ya ƙaura, da kuma tsawon lokacin da take buƙata kafin ta maye gurbin kanta.

Akwai kuma iyakar da Jan Kundi ba ya tsallakewa, kuma a nan ne mai karatu a Jigawa ya fi buƙatar natsuwa. Tambayar da kundin ke amsawa ita ce ko jinsi zai ɓace daga doron ƙasa baki ɗaya, ba ko zai ɓace daga wata gunduma ba. An dasa tarut a lambunan Turai da kuma babban gandun itatuwa na birnin Kanbera a Ostareliya, saboda haka jinsin zai iya wanzuwa ko da Tasili ta zama fayau, amma wannan ba zai mayar wa Abzinawan Janet inuwarsu ba. Haka nan matsayin mafi ƙarancin damuwa ba alƙawari ba ne na dindindin, kuma ƙasar Hausa ta ga misalinsa da idonta. Ungulun nan da ke cika mahauta da kasuwanni, Necrosyrtes monachus, tana wannan matsayi har ƙarshen shekarun 2000, sai aka ɗaga ta zuwa cikin haɗari a 2011, sannan zuwa bakin ƙarewa a 2015, sakamakon guba da farautarta domin magani. Mahauta sun riga kundin sanin cewa ta tafi. A Japan kuma wani jan mazari na gonakin shinkafa mai suna Sympetrum frequens, wanda a da ba ya ƙirguwa, ya ragu matuƙa tun daga shekarun 1990, kuma masana sun danganta haka da sababbin magungunan ƙwari da ake sa wa dashen shinkafa.

Wannan misali na ƙarshe ya shafi yankin kai tsaye, domin feshin maganin ƙwari a gonakin wake da riɗi da na noman rani a fadamu ya zama ruwan dare, kuma sau da yawa a kududdufin da aka ɗebi ruwan haɗa magani a nan ake wanke famfon feshi. Babban mazari yana iya tashi ya bar wurin, 'ya'yansa da ke cikin laka ba sa iyawa, kuma idan suka mutu tsutsar sauro ce ke fara farfaɗowa, domin ita ta fi kowa saurin girma. A cikin garuruwa kuma ana cike kududdufai da bola ana yanka filaye a kansu, abin da ke da ɗan amfani ta fuskar rage sauro amma yake toshe wa ruwan sama mafaka. Ba za a ce wannan zai girgiza matsayin Pantala a duniya ba, tunda iska za ta ci gaba da kawo wasu daga nesa kowace damina, amma jinsunan da ke zaune a wuri ɗaya ba su da wannan gata.

Ciwon tarut kuwa, wato tsofaffi a tsaye babu na baya, ana iya ganinsa a gonaki da yawa tsakanin Babura da Gwiwa, inda ɗorawa da tsamiya da kuka da ƙirya manya ke warwatse amma da wuya a ga matashi a tsakaninsu, saboda garmar shanu tana tuge tsiro da damina, awaki da tumaki kuma suna cinye wanda ya rage idan an sake su bayan kaka. Wasu daga cikin itatuwan da Bahaushe ya sani ma sun riga sun shiga kundin: maɗaci da kaɗanya da kawo suna matsayin masu rauni, madobiya kuma tana cikin haɗari saboda sarar da aka yi mata domin kasuwar katako ta Sin. Bambancin da ke akwai shi ne ruwan Babura har yanzu ya isa ya raya tsiro, kuma maƙwabta a tsallaken iyaka sun nuna haka. A Magarya da Matamai da Mirya, ƙasar da ake ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, manoma sun koma barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa a lokacin sassabe, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su datse sauran. A Maradi, inda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗa wannan dabara a 1983, ana kiranta sassabin zamani, kuma an ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar ba tare da dashe ba.

Tun 2003 IUCN ta fitar da ƙa'idojin da ke ba da damar a tantance halittu a matakin ƙasa ko yanki, kuma babu abin da zai hana a yi wa Jigawa nata kundin, illa dai aikin yana buƙatar ƙidaya da ake maimaitawa a wuri ɗaya shekara bayan shekara, abin da malamin kimiyya na sakandare da ɗalibansa za su iya. A ɓangaren itatuwa, ƙirga yawansu kaɗai ba ya wadatarwa, sai an auna kaurin gindin kowanne an raba su aji-aji, domin gonar da ke da ɗorawa goma duk tsofaffi ta fi wadda ke da biyar masu shekaru daban-daban kusa da rasa su. A ɓangaren mazari kuma ganin manya suna shawagi a kan ruwa ba hujja ba ce, tunda wataƙila daga ɗaruruwan kilomita suka zo. Hujjar ita ce busasshen ɓawon da ɗan mazari ke bari manne da karan ciyawa a bakin ruwa idan ya hauro da dare ya tsage ta baya ya fito da fikafikai. Siffar ɓawon tana nuna jinsin, yawansa yana nuna adadin da kududdufin ya raya, kuma dole a tattara shi da sassafe duk bayan kwana biyu ko uku, domin ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ko garken da ya zo shan ruwa yana iya share na mako guda.